Agege ko Mile 2: A Bakin Wane Layin Dogo Za Ka Kama Ɗaki a Legas?

Ɗan yayana ya samu tsaron shagon atamfa a kasuwar Balogun, cikin tsibirin Legas. Tun bai baro Funtuwa ba ya bugo mini waya: "Baffa, an ce yanzu jirgin ƙasa yana yawo a cikin gari. A wace unguwa zan kama ɗaki in riƙa hawansa?" Da shekaru goma baya ne, amsar ɗaya ce tak: sauka inda kake da ɗan'uwa, sauran kuma ka bar wa danfo, ƙananan motocin hayar Legas, da haƙuri. Yanzu tambayar ta zama ta gaske, domin layuka biyu ne suke ɗaukar mutane a cikin birnin, kuma wanda ya zuba kuɗin hayar shekara a bakin wanda bai dace da shi ba zai yi watanni goma sha biyu yana cizon yatsa. Abin da na gaya masa shi na faɗaɗa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ba ne yake wannan lissafi.

Mutane suna ambaton layukan biyu tare kamar Hassan da Husaini, alhali ba su yi kama ba ko kaɗan.

Shuɗin layi, wanda aka fi sani da Blue Line, shi ya fara aiki, ranar 4 ga Satumba 2023. Gajere ne: kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, da tashoshi biyar, wato Marina, National Theatre, Orile-Iganmu, Suru-Alaba da Mile 2. Da lantarki yake tafiya, kuma dogonsa nasa ne shi kaɗai. Wani ɓangare ya bi tsakiyar babbar hanyar Badagry, wani kuma an ɗora shi bisa ginshiƙai har ya tsallake ruwa ya shiga tsibiri.

Jan layi, wato Red Line, Shugaba Tinubu ya buɗe shi ranar 29 ga Fabrairu 2024, amma sai 15 ga Oktoba na wannan shekara aka fara ɗaukar fasinja masu biya. Ya ninka shuɗin a tsawo: kilomita 27 daga Agbado, can bakin jihar Ogun, zuwa Oyingbo. Tashoshinsa takwas: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Oyingbo. Da man dizil yake tafiya. In ka dubi taswira kawai, za ka ce ai ba ma sai an yi shawara ba, jan layi ya ratsa cikin gari sosai, ya bi ta wuraren da jama'a suka fi yawa, ya kuma tsaya a Agege inda namu suke. Ni ma haka na ɗauka da farko.

Abin da taswira ba ta nunawa shi ne wannan: jan layi ɗan haya ne a kan dogon da yake bi. Hanyar da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya take amfani da ita zuwa Ibadan, wadda aka buɗe a 2021, ita yake rabawa da jiragen tarayya na fasinja da na kaya. Wanda yake zaune gidan wani kuwa ba ya shiga da fita yadda ya ga dama. Shi ya sa aka fara da 'yan sawu kaɗan da safe da 'yan kaɗan da yamma, lokacin fita aiki da lokacin tashi, tsakar rana kuma shiru. An ƙara yawansu daga baya, amma har yanzu jirgi ne da za ka riƙe lokacinsa a kanka kamar lokacin salla. Shuɗin layi ba shi da wanda zai kauce wa. Ya fara da sawu 12 a rana, cikin 'yan makonni da aka haɗa masa wuta ya koma sama da 50. Ma'anar wannan ga mai zuwa aiki ita ce, in wannan ya wuce ka, ka tsaya a inuwa ka jira na bayansa. A jan layi kuwa, in na ƙarshe na safiya ya wuce ka, ka koma bakin titi, ka kuma koma a daidai lokacin da titin ya fi cushewa.

A wurina wannan shi ne babban bambanci, duk sauran a bayansa suke. Jirgin cikin gari ba a auna shi da tsawon dogonsa. Ana auna shi da yadda za ka iya fitowa daga ɗaki ba tare da ka dubi agogo ba.

Bari in gaya maka yadda safiyar Litinin take a Mile 2. Ka hau matakala, ka ɗora katinka a kan na'urar bakin ƙofa, ta yi ƙara ta buɗe maka. Ƙasa da kai titin Badagry ne, tankoki da tireloli masu neman shiga tashar ruwa ta Apapa sun yi jerin gwano, danfo suna kutsawa tsakaninsu, yaran mota suna rataye a ƙofa suna kiran tashar mota ta tsibiri, "CMS! CMS!" Jirgin ya iso ba hayaniya, ƙofofi suka buɗe da kansu, sanyi ya bugi fuskarka. Kujerun a jikin bango suke, ba su da yawa, don haka da safe a tsaye za ka yi tafiyar kana riƙe da ƙarfe. Bayan National Theatre sai ya hau kan ruwa. A nan ne kowa yake juya kai wajen taga, domin gadar Eko tana nan kusa, motoci sun tsaya cik a kanta, wasu direbobin har sun kashe inji. Na taɓa shafe awa biyu da rabi a kan wannan hanya cikin danfo, da azumi a bakina, magariba ta same ni a kan gada ba ruwan alwala ba wurin sa goshi. Ranar da na fara wuce wurin cikin minti ashirin, sai da na yi hamdala a fili har na kusa da ni ya waiwayo.

Safiyar Agege daban ce. Ka idar da asuba, ka kurɓi koko a tsaye, ka kama hanya da sauri don ka san jirgin ya riga ya taso daga Agbado kuma ba zai jira kowa ba. Ya iso da mutanen Agbado da Iju a ciki, ku ma ku ƙaru. Daga nan sai ya tsaga Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, wuraren da ko wanne cikinsu kan iya cin awa guda na rayuwarka a mota. Daga farkon layin zuwa ƙarshensa kusan awa ɗaya ne, daga Agege kuma bai kai haka ba. Wanda ya san abin da ake sha tsakanin Agege da Oyingbo ta titi ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In ka dace da lokacinsa, jan layi ya fi shuɗin cece ka daga wahala, domin wahalar da yake tsallakar da kai ta fi tsawo. Matsalar tana cikin wannan "in" ɗin.

Sai batun inda kowanne yake ajiye ka, kuma a nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Jan layi bai shiga tsibiri ba tukuna. A Oyingbo yake tsayawa, daga nan sai ka nemi mota ta bi da kai ta Iddo, ta hau gadar Carter. Sa'ar da aka yi, gadar a Idumota take sauka, don haka mai aiki a Idumota ko bakin Balogun ta wannan ɓangaren bai yi nisa ba, sai dai ya sake shiga gosulo a ƙarshen tafiyar da ya hau jirgi don gudunsa. Shuɗin layi kuwa cikin tsibirin yake kai ka, amma tashar Marina ba a tsakiyar kasuwa take ba. Mai zuwa ofisoshin Broad Street, ko CMS, ko Onikan, ko Obalende, ya samu yadda yake so. Mai zuwa Balogun zai yi 'yar tafiyar ƙafa mai ɗan tsawo ko ya tari ƙaramar mota. Bambancin shi ne ƙafarka a hannunka take: ka san minti nawa za ta ci, ko ana gosulo ko ba a yi.

Layukan biyu ba su haɗu ba har yanzu. Kada wani ya ce maka za ka sauka daga wannan ka shiga wancan a tasha ɗaya. Haka kuma kada sunan Suru-Alaba ya ruɗe ka. Ba ita ce babbar kasuwar Alaba ta kayan lantarki ba, ba kuma Alaba Rago ta dabbobi ba ce. Waɗannan suna can gaba wajen Ojo, inda kashi na biyu na shuɗin layi zai bi zuwa Okokomaiko, ya cika kilomita 27. Na ga wanda ya sauka a Suru-Alaba yana tambayar ina ake sayar da raguna.

Kuɗin mota fa? Lokacin da aka buɗe su, cikakken farashin shuɗin layi daga Mile 2 zuwa Marina naira 750 ne, na jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo naira 1,500. In ka raba da tsawon hanya za ka ga kusan ɗaya suke, ko wanne bai kai naira 60 a kilomita ba. An yi ta rangwame da gyaran farashi tun daga lokacin, don haka tambayi na yau a tasha. Amma lissafin da ya kamata ka yi ba na sawu ɗaya ba ne. Ɗauki wancan farashi na farko a matsayin misali: naira 750 zuwa da dawowa, kwana 26 a wata, ya kama naira 39,000. Mai tasowa daga Agbado a kan 1,500 zai zuba 78,000, bai sa kuɗin motar Oyingbo zuwa tsibiri ba. Mutumin Agege yana tsakanin su biyun. Ga yaron shago wannan kuɗi ne da ake ji a jiki, kuma sauƙin hayar ɗaki da kake gani a can nesa yakan narke a hanya ba tare da ka lura ba.

Abin da jirgi ya fi danfo da shi a nan ba araha ba ce kullum, tsayuwar farashi ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin danfo ba shi da fuska ɗaya: na safe daban, na yamma daban, in hadari ya haɗo kuma yaron mota ya ƙara nasa. Jirgi da katin Cowry ake shigarsa, ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, kuma katin nan guda shi ne na manyan motocin bas da ake kira BRT. Ka saye shi ka zuba masa kuɗi tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Layin masu zuba kuɗi da safiyar Litinin ya isa ya sa jirgi ya wuce ka kana kallo.

Dole kuma ka tambayi kanka: ranar da ban samu jirgi ba, me zan hau? A nan Agege ta ɗan farfaɗo. Hanyar BRT ta Oshodi zuwa Abule-Egba, wadda aka buɗe a 2020, ta bi ta Dopemu, ba nisa da Agege, kuma tana da nata layin da aka keɓe mata a kan titi. Daga Oshodi akwai motar ko'ina. Mutumin Mile 2 in ya rasa jirgi, titin Badagry da gadar Eko ne gabansa, da duk abin da tankoki suka ga damar yi a ranar. Sai dai shi ba kasafai yake rasawa ba. Kada kuma ka sa acaɓa cikin lissafinka kamar yadda ake yi a gida. Tun Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland inda Yaba da Oyingbo suke, daga baya ta ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da wasu. Dokar ta shafi mai tuƙi da wanda aka ɗauka. 'Yan'uwanmu da yawa sun rasa abin yi a wannan doka, kuma ita ce ta sa tazarar da ke tsakanin ƙofar ɗakinka da ƙofar tasha ta zama abin aunawa da ƙafa kafin ka biya haya. Ɗakin da dillali ya ce maka "kusa da tasha yake" je ka taka da kanka ka ƙirga mintunan.

In kai mai kaya ne, maganar gajera ce. Duka jiragen biyu na mutum da jakarsa ne. Buhun albasa daga kasuwar Mile 12, ko dilar gwanjo, ko huhun goro, ba wurinsu ba ne, kuma Mile 12 ɗin ma ba ta kan ko ɗaya daga cikin layukan. Mai irin wannan sana'a ya kama ɗaki kusa da kasuwarsa, ya bar zancen jirgi.

Yanzu ga inda zuciya take shigowa, kuma ba zan yi kamar ba ta da muhimmanci ba. Agege gida ce. Kakanninmu fataken goro dogon nan ne ya zaunar da su a can, tun zamanin da layin Turawa ya haɗa Ikko da Kano, har Zango ta kafu da sarkinta da limamanta. Yau in ka shiga wasu lunguna sai ka rantse a Fagge kake: mai shayi ya san sunanka, akwai tuwo da miyar kuka da daddare, akwai makarantar allo ga yara, ga Markaz, makarantar Larabci da addini, ga mai neman karatu, ga mayankar Oko-Oba da ta riƙe mahauta da dillalan shanu masu yawa. In ka kwanta ciwo akwai mai leƙo ka, in an yi rasuwa akwai masu sutura. Yaron da bai taɓa barin gida ba, bai iya Yarbanci ba, Turancinsa na makaranta ne, wannan ba ƙaramin jari ba ne a gare shi. Ƙasar wurin ma tana da ɗan tudu in an kwatanta da bakin ruwa.

Wajen shuɗin layi ba haka yake ba. Akwai namu a Mile 2 da Orile da kewaye, masu canji da masu gadi da masu sayar da kayan miya, akwai masallatai, amma a warwatse suke, ba zango guda ba. Festac tana da tsari, hayarta kuma da tsada. Unguwannin da talaka zai iya, irin su Orile, Amukoko da Ajegunle, ƙasarsu kwari ce, kuma damina a Legas doguwa ce. In za ka duba ɗaki a can, dubi gindin bango. Ruwan bara yakan bar zanensa, ko an shafa fenti za ka gane. Tambayi mai shagon da ke kusa, kada ka tambayi dillali.

Magana ɗaya kan tsaro, ga mai iyali musamman. Shuɗin layi wutarsa a ƙasa take, a wani ƙarfe da ke kwance gefen dogon, shi ya sa aka katange shi. Tsallaka shi da ƙafa ganganci ne da rai, gadar sama ita ce hanya ko da ta yi maka nisa. Jan layi kuma ya bi ta tsakiyar kasuwanni da unguwanni inda mutane suka saba shimfiɗa kaya a kan dogo tun lokacin da jirgi ɗaya ne ko biyu suke wucewa a yini. An gina gadojin sama na motoci a wurare irin su Yaba, Oyingbo, Mushin da Ikeja don raba jirgi da mota, kuma dalilin a bayyane yake: a watan Maris na 2023 jirgi ya yi karo da motar ma'aikata a mahaɗar PWD da ke Ikeja, mutum shida suka rasu. In ɗakinka yana bakin dogo a Agege ko Mushin kuma kana da ƙananan yara, ka sa wannan a ma'auni.

Za ka ji dillalai suna cewa kama nan, jirgi yana zuwa. Gaskiya ne ana aikin kashi na biyu na shuɗin layi zuwa Okokomaiko, kuma tsarin jan layi shi ne ya ƙarasa Marina. Ina fatan ganin duka biyun. Amma ka tuna shuɗin layin nan tun zamanin Gwamna Fashola aka fara gina shi, sai da ya haura shekara goma kafin ya ɗauki fasinja na farko. Kafin shi ma, Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Hayar shekara ɗaya za ka biya, don haka yi lissafi da jirgin da yake tafiya yau.

To wa ya dace da wanne? In aikinka a Ikeja yake, ko kasuwar wayoyi ta Computer Village, ko Oshodi, ko Yaba, kuma lokacin shigarka da fitarka tsayayye ne, zauna Agege ka hau jan layi, ba ka da abin nema a Mile 2. In kana da iyali da yara 'yan makaranta, ko kai sabon zuwa ne da ba ka san kowa ba, nan ma Agege zan tura ka, ko da hanyar za ta fi tsawo. Amma in a tsibiri kake aiki, kuma ba kai ke da ikon cewa ga lokacin da za ka tashi ba, shuɗin layi ne naka. Yaron shago ba ya rufe ƙofa don jirgi zai tashi. Sai mai saye na ƙarshe ya gama zaɓen atamfarsa, sai an ƙirga ciniki, sai maigida ya ce a tafi. Mai irin wannan aiki yana buƙatar jirgin da zai same shi a duk lokacin da ya fito, kuma a yanzu ɗaya ne kawai cikin biyun ya kusanci haka. Shi ma ka san lokacin sawunsa na ƙarshe, don ba kwana yake yana yawo ba.

Ɗan yayan nawa da ya iso, a wurina a Agege ya sauka kafin mu biya ko sisi. Na sa shi ya yi mako ɗaya yana bin jan layi zuwa Oyingbo, ya ƙarasa da mota. Zuwa bai taɓa ba shi wahala ba. Dawowa kuwa, cikin kwana shida sau biyu kawai ya tarar da jirgi, sauran ranakun sai bayan goma na dare yake shigowa, ya ci abinci yana gyangyaɗi. Mako na biyu ya kwana wurin wani abokinsa a Orile ya gwada shuɗin. Ranar Asabar ya zo mini da 'yar takardar da ya rubuta lokutan fitarsa da isarsa da abin da ya kashe kowace rana, ya ajiye ta gabana ya ce, "Baffa, can zan zauna." Muka samu ɗaki a hawa na biyu, tafiyar minti goma zuwa tasha. Ranar Lahadi da ba kasuwa yakan zo Agege da hantsi, ya ci tuwo, ya yi aski wurin wanzaminmu, ya kama hanya bayan la'asar.